Ƙyauren Ɗakin Gwaggo

A gidanmu na Tasawa an hana tsohuwa ruwan sha saboda fitsarin kare. Na faɗi haka tun farko don kada a ce na yi kewaye-kewaye. Sunana Nasiba, matar Lurwanu, ƙanen mai gidan. Da idona na gani, kuma tunda bakina bai yi amfani ba a tsakar gida, bari in gwada hannuna.

Da hantsi ne, bazara ta kankama. Ina durƙushe ina wanke tsummokaran ɗiyata Aziza, sai na ji Ramlatu, matar Yaya Muttaka mai gidan, ta ja dogon tsaki a ƙofar ɗakin Gwaggo Bintu. Ta toshe hanci da bakin ɗankwalinta.

"Gwaggo, kin sake ko?"

Gwaggo na zaune bakin gado tana jan tasbaha. Yayar mahaifin su Muttaka ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, ita ta raini Muttaka tun yana tsumma, kuma da mijinta ya rasu a Isawan aka ɗauko ta aka kawo nan.

"Na sake mi, ɗiyata?"

"Kin sani sarai. Wanga zarni har ɗakina yake kaiwa. Mutum ba ya iya haɗiye abinci a gidan nan."

Gwaggo ta shafa zanenta gaba da baya, ta shafa shimfiɗar gadon. Ta ce, "Ga shi a bushe."

"To, aljani ne ya shigo ya yi."

Na ɗauraye hannuna na je na duba. Mace mai goyo ba a koya mata fitsari, ta san launinsa, ta san warinsa, ta san yadda yake kwanciya a ƙasa. Wannan bai kwanta ba. Daga jikin bango ya gangaro, daidai tsayin gwiwata. Akwai wani a ƙafar gado, akwai wani a jikin jakar fatar da Gwaggo ta zo da ita daga Isawan, wadda ke rataye ƙasa-ƙasa a jikin ƙusa.

Na ce, "Yaya Ramlatu, wace mace ce ke ɗaga fitsarinta jikin bango? Kwamanda ne. Jiya ma na gan shi ya fito daga nan."

Kwamanda ƙaton baƙin kare ne, irin na Turawa, Yaya Muttaka ya sayo shi a Maraɗi don gadin baburan da yake sayarwa. Ba a ɗaure shi, wai sarƙa na cin gashin wuyansa. Ko'ina a gidan nasa ne. Sai dai kowane ɗaki yana da ƙyauren ƙarfe, ban da na Gwaggo. Ɗakin ajiyar hatsi ne a da, asabari kawai aka rataya mata.

Ramlatu ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma likitar fitsari aka kawo mana? Bari mai gidan ya dawo."

Da azahar ya dawo. Ya zauna ƙarƙashin rumfa yana cin shinkafa, karen ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa, yana tsinko nama yana jefa masa. Ramlatu ta gama nata bayani, ni ma na durƙusa na yi nawa. Bai ko dube ni ba.

"Karen nan horarre ne," in ji shi. "Wanda ya sayar mani ya rantse bai taɓa ɓata ɗaki ba. Gwaggo kuwa tsufa ne, ba abin kunya ba ne, kowa zai je can. Maganinsa a rage mata ruwa. A fitar da randar nan daga ɗakinta. Buta ɗaya da safe ta ishe ta. Furar ma a daina tsinka mata ita kamar ruwan tafki."

"Yaya, ko ƙyaure a sa mata, a gani."

"Ƙyaure ne ke fitsarin? C'est fini, na gama magana."

Gwaggo na jin komai ta bayan asabari.

Na sami Lurwanu a ɗaki yana sake riga. Na ce ya yi wa yayansa magana. Ya ce, "Nasiba, a shagonsa nake, a gidansa muke kwana. Ke baƙuwa ce a nan, kada ki shiga tsakanin ɗa da uwa. In kin ji tausayinta, ki kai mata ruwan a ɓoye, ki kama bakinki."

Haka na yi. Ina da tawa randar. Nakan cika moɗa in rufe da faifai in shiga da ita kamar na kai Aziza wasa. Da farko Gwaggo na sha. Takan ɗauki yarinyar ta ɗora a cinya, ta ce, "Ƙawata, kin zo cin amanata? Ina goron da kika yi mani alkawari?" Aziza ta kama tasbahar ta kai baki, su yi ta dariya su biyu, babu mai haƙoran kirki a cikinsu.

Amma kullum safiya bango a jiƙe yake. Ramlatu ta shiga zuba jabel, ruwan maganin kashe wari, a ƙofar tana mita da ƙarfi don maƙwabta su ji. Da ta juya baya karen zai zo ya shinshina, ya ɗaga ƙafa, kamar an wanke masa allo ya sake rubutu. Ta ware wa Gwaggo kwanonta daban. Ta ɗaura mata igiyar shanya daban, can kusa da makewayi. In mata sun shigo gaisuwa, sai ta rage murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Ku gaishe ta daga nan, kada ku shiga. Jarabawa ce Allah Ya ɗora mana, muna haƙuri." Su kuma su ce, "Sannu Ramlatu, Allah Ya ba da lada." Su tafi da labarin unguwa.

Wata rana na shiga da moɗa, Gwaggo ta tura ta gefe da bayan hannu.

"Nasiba, ko ni ce?"

"Gwaggo, ba ke ba ce. Na ce maki na gan shi."

"Kin gan shi sau ɗaya. Sauran fa? Tsufa ba ya sallama, ɗiyata. An ce wani ba ya sanin ya yi. Mutane duka ba za su taru su yi mani ƙarya ba."

"Zanenki a bushe yake kullum."

"Zafi ne, yana shanye shi kafin in farga."

A nan na fara jin tsoro. Hana ta ruwa da suka yi, ina da maganinsa a randata. Wannan da suka dasa mata a zuciya ban san inda zan kama shi ba.

Butar da ake ba ta da safe ma ba sha take yi ba. Na zauna na lura. Takan yi tsarki da ita ko ba ta yi komai ba, ta yayyafa wa zane, ta goge buzun sallarta, ta yi alwala. Abin da ya rage a gindin buta shi take jiƙa leɓe da shi. Na ce, "Gwaggo, ki sha wannan, ki yi taimama." Ta dube ni kamar na zage ta.

"Taimama, ga famfo a tsakar gida? In ce wa Ubangiji mi?"

"To ki karɓi nawa, ki yi alwalar da shi."

"Shi ma a cikina zai ƙare in na gan shi. Tahi da abinki."

A wannan zaman ne ta ba ni labarin da ban tambaye ta ba. Ta ce Muttaka ya daɗe yana fitsarin kwance, har ya fara bin awaki daji bai daina ba. A Isawan yaron da ya yi haka, ɗaura masa kwaɗo ake yi a ƙugu, yara su zagaya gari da shi suna tafi. Ita kuwa takan naɗe tabarmarsa tun kafin kowa ya fito, ta wanke a bayan rumbu, ta shimfiɗa masa tata. Babu wanda ya taɓa sani, har mijinta.

"Ya manta," in ji ta, tana murmushi. "Gara da ya manta. Don ya manta ɗin na yi."

Na fito ina huci. Na ce tunda magana ta ƙi, bari in yi aiki. Na kankare bangon da toka, na wanke ƙafar gado da ruwan tsamiya mai kauri har zarnin ya mutu. Jakar fatar na ɗaga ta na rataye can sama, don na lura ita karen ke fara nufa. A rugar su Gwaggo karnukan makiyaya sun sha kwanciya a jikinta, shi kuma bai yarda da warin wani kare a gidansa ba. Sannan na jawo wani tsohon fallen kwano daga bayan garken awaki, na tare ƙofar da shi daidai ƙugu, na danne da bulo biyu. Iska na shiga ta sama, kare ba ya shiga ta ƙasa.

Ɗakin ya bushe. Washegari ma a bushe. Kwamanda ya yi ta zagaye yana kuka ƙasa-ƙasa, ya koma ya yi abinsa a gindin dogon yaro. Na ji kamar in yi guɗa. Na kira Ramlatu na ce ta zo ta shinshina.

Ta leƙa, ta ja iska, ta gyaɗa kai. "Alhamdu lillahi. Kin gani ko? Rage ruwan ya yi amfani. Da an bi ta taki da yanzu muna iyo."

"Kwanon nan ne ya hana kare shiga!"

"Kwano ya daɗe a gidan nan, bai taɓa warkar da kowa ba. Gwaggo, sannu da ƙoƙari. Ki ci gaba haka."

Na juya wajen Gwaggo ina jiran ta ce wani abu. Fuskarta ta yi haske, irin hasken da na daɗe ban gani ba. Ta ce, "Ashe gaskiyarsu. Tun da na daina sha ya daina." Na durƙusa gabanta, na rantse mata da Allah, na ce ta sha moɗa guda a gabana mu gani ko ɗakin zai jiƙe. Ta ce ba za ta ɓata abin da ya gyaru ba. Aikin hannuna ya zama shaidarsu.

Daga nan ta fara bushewa kamar kuɓewar da aka shanya. Leɓenta ya tsattsage. In na ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye, ba ta komawa. Muryarta ta koma raɗa. Na daina kai ruwa a moɗa, na koma dabara: kankana, kunu mai ruwa-ruwa, lemun tsami da na ce maganin ɗacin baki ne. Wani ta karɓa, wani ta gane ta kau da kai. Aziza ta rarrafa ta kama ƙafarta, ta ce in ɗauke ta. "Kada in shafa wa ƙawata najasa."

Ana haka Kwamanda ya yi ƙoƙarin ture kwanon, bakin kwanon ya yanke shi a ƙafa. Ɗan jini ne, bai kai na yankan farce ba. Sai ga gida ya tashi. Yaya Muttaka ya rufe shago ya dawo, ya yi jifa da kwanon har ya bugi bangon maƙwabta, ya ce wa ya tsare masa uwa kamar akuya, me baƙi za su ce. Aka naɗe ƙafar kare da sabon tawul, Lurwanu ya rungume shi a bayan babur, suka tafi wajen likitan dabbobi.

Da suka dawo na tsare Lurwanu a zaure. Ya yi ta kauce-kauce, daga baya ya faɗa mini. Ya ce shi ya tambayi likitan, a gaban yayansa, ko kare namiji na fitsari cikin ɗaki. Likitan ya yi dariya ya ce ai wannan ba fitsari ba ne, shaida ce yake sa wa, yana cewa nan nawa ne. Ya ce a rufe masa ɗakin da ya saba, a ɗaure shi da rana, a wanke wurin da abu mai tsami, in kuma ana son a rage abin sosai a kawo shi a fiɗiye shi.

"To me Yaya ya ce?"

"Ya ce a yanke wa Kwamanda mazakuta ya zama mi? Tunkiya? Ya ce mutane daga Mayahi ma suna kawo karyarsu don irinsa."

"Ya ji dai kare ne."

"Ya ji."

"Ruwan Gwaggo fa?"

Lurwanu ya dubi takalminsa. "Ya ce wannan daban, wancan daban. Ya riga ya yi magana gaban mata, ba zai dawo ya lashe ba."

Ku riƙe wannan, masu karatu. Daga ranar nan babu sauran rashin sani a gidanmu.

Da aka cire kwanon, washegari bango ya jiƙe, ƙafar gado ta jiƙe. Ramlatu ta tsaya tsakar gida ta riƙe ƙugu, da ni take.

"Munafuka! Ke ce kike ɗura mata ruwa a ɓoye. Tsohuwa ta samu sauƙi kin mayar da ita baya. In wankin kike so, ga shi nan, daga yau naki ne."

"Na karɓa. Ki tambayi mijinki abin da likitan dabbobi ya ce."

"Likitan dabbobi ya san dabbobi. Gwaggo dabba ce?"

Ta shiga ɗakin ta fizgo jakar fatar daga inda na rataye ta, ta ce ita ke riƙe wari, ta wurga ta bayan katanga, kan juji. A cikinta akwai zoben azurfar mijin Gwaggo da ɗan tandun kwallinta. Na zagaya na tsinto su, jakar kuwa yara sun riga sun ja ta. Na damƙa wa Gwaggo su a hannu. Ba ta tambayi jakar ba. Abin da ta ce kawai, "Kankanar nan ce ta jiya. Na ce maki kada ki ba ni."

Na sake zuwa gaban Yaya Muttaka, wannan karon ban durƙusa ba. Na ce tsohuwar nan za ta mutu. Ya ce rai na hannun Allah. Na ce ruwa na hannunsa. Ya ajiye cokali ya kira Lurwanu, ya ce in bai iya riƙe matarsa ba, ya nemi gidan haya da wani shagon. Lurwanu ya ja ni ɗaki yana ba ni haƙuri, yana ba yayansa haƙuri, har ban san wanda ya yi wa laifi ba.

Gwaggo ta daina salla a ɗaki, ta ce ƙasarsa ba ta da tsarki. Takan ja buzunta zuwa inuwar dogon yaro. Ranar da abin ya faru, da azahar ne, zafi kamar ana gasa mutum. Yaya Muttaka da Lurwanu suna cin abinci a rumfa, Ramlatu na yi musu fifita, ni ina ba Aziza nono a bakin ƙofata. Gwaggo ta tayar da salla a zaune, don tsayuwa ta gagare ta. Ta yi sujada.

Kwamanda ya taso daga ƙarƙashin rumfa yana miƙa. Ya je gindin bishiyar, inda ya saba. Ya shinshina buzun, ya shinshina bayanta. Ya ɗaga ƙafa.

Dukanmu mun gani. Babu wanda kansa ke duƙe, babu wanda ya juya baya. Na ga yadda ya gangara a kan farin mayafinta. Na ajiye yarinya a ƙasa na ɗauki muciya na yi kansa, ya kauce ya koma bayan ubangidansa.

"Kada ki kuskura ki taɓa shi!" in ji Yaya Muttaka.

"Ka gani yanzu? Ka gani da idonka?"

Ya dubi mayafin. Na ɗauka kunya ce ta kama shi. Sai ya ce, "To, ai warin jikinta ne ya ja shi. Kare ba ya yi inda babu dalili."

Ramlatu ta ce, "Shi ne dai."

Gwaggo ba ta ɗago daga sujadar ba. Na taɓa kafaɗarta, sai ta kife gefe guda. Jikinta zafi rau, idanunta sun faɗa, numfashi sama-sama. Na ce a kawo babur. Yaya Muttaka ya ce jiri ne na zafi, a shigar da ita ɗaki a dama mata kunu. Lurwanu ya miƙe, ya dubi yayansa, ya tsaya a tsaye kamar turke.

Na goya Aziza, na fita ban tambayi kowa ba. Maƙwabcinmu Cindo na da amalanken jaki, na same shi yana sauke itace. Shi da matarsa suka taya ni ɗaukar ta. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Sai da muka kai bakin titi Lurwanu ya biyo mu da gudu.

A likita, wato asibiti, majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba idonta, ya ja fatar hannunta, ya danna cikinta. Ya juyo gare ni rai a ɓace.

"Tsohuwar nan a daji kuka tsinto ta? Yaushe rabonta da ruwa? Yaushe rabonta da fitsari?"

Kafin in buɗe baki Gwaggo ta motsa leɓe. Majo ya sunkuya, ni ma na sunkuya.

"Na daɗe ban yi ba, ɗana," in ji ta. "Na riƙe. Ka gaya masu na riƙe."

Da alfahari ta faɗa.

Suka sa mata ƙarin ruwa, leda bayan leda. Majo ya ja mu gefe ya ce ruwan na shiga amma ba ya fita, ƙodarta ta tsaya, kuma jikinta ba zai ɗauki hanyar babbar likitar Maraɗi ba. Ya ce mu yi addu'a.

Washegari da safe na koma gida ɗauko mata zane. Na ɗaga asabari. Gadon babu kowa, bangon a jiƙe, sabo, yana gangarowa. Na fito na tsaya inda Ramlatu ta saba tsayawa, na ɗaga murya yadda ta saba ɗagawa.

"Yaya Ramlatu! Zo ki gani, Gwaggo ta sake! Daga likita ta aiko da shi!"

Ta fito da ludayi a hannu, ta leƙa, ta taɓe baki. "Warin da ta bari ne. Ke dai ba ki da kunya, ana cikin rashin lafiya kina neman faɗa."

Ranar Juma'a da hantsi Gwaggo ta cika. Ina riƙe da hannunta, ina ɗiga mata ruwa a leɓe da auduga. Har a lokacin tana ƙoƙarin kau da kai.

Ni da matar Cindo muka taya mai wanka. Bokiti-bokiti aka kawo mana, Ramlatu da kanta take jidowa daga famfo tana cewa kada a yi ƙwauron ruwa. A zaman makoki Yaya Muttaka ya yi kuka har da majina. Yana cewa, "Uwata ce, ita ta raine ni, a hannuna ta tsufa." Mutane suna cewa, "Ka yi ƙoƙari, Alhaji. Ba kowa ke riƙe tsohuwa mai irin wannan lalura ba." Har a kabari ƙazafin da suka laƙa mata ya bi ta.

Da aka watse, Ramlatu ta sa aka fitar da gadon. Tana sayar da atamfa da leshi, ta daɗe tana cewa ɗakinta ya yi mata kaɗan. Aka shafe ɗakin Gwaggo da farar ƙasa, aka jera turamen zane a kan benci, masu tsada a ƙasa don kada su faɗo.

Washegari da hantsi ihunta ya fito da ni. Tana tsaye riƙe da farin leshi, rawaya ta zana masa taswira. Tana kuka tana zagin karen, uwa da uba. Ba ta ce aljani ba ne. Ba ta ce wari ne ya ja shi ba. Yaya Muttaka ya zo ya duba, bai ce horarre ba ne.

Kafin la'asar mai walda ya zo da ma'auninsa. Kafin magariba Kwamanda na ɗaure da sarƙa a gindin dogon yaro, gashin wuyan bai hana ba. Ranar kasuwa aka ɗora shi a babur aka kai shi wajen likitan dabbobi, ya dawo yana tafiya a tale, kuma ban ji wanda ya kira shi tunkiya ba.

Ina shara aka kafa ƙyauren. Yaya Muttaka na tsaye yana gwada makulli, yana buɗewa yana rufewa. Na jingine tsintsiya.

"Yaya, ashe akwai ƙyaure a garin nan."

"Kaya ne masu daraja a ciki," in ji shi. Bai ma ji abin da ya faɗa ba.

"Haka ne. Wadda ta riga su zama a ciki, tabarmarka kawai ta iya wankewa a bayan rumbu, don kada a ɗaura maka kwaɗo."

Makullin ya tsaya a hannunsa. Mai walda ya duƙar da kai yana tattara wayoyinsa. Na ɗauki tsintsiyata na wuce. Har yau Yaya Muttaka ba ya amsa gaisuwata. Lurwanu ya ce na tona asirin da matacciya ta rufe. Na ce ita ta rufe na yayansa ya girma da mutunci, shi ya ƙaga mata wanda ba nata ba ya raba wa unguwa. Muna neman ɗakin haya, kuma ban damu ba ko bukka ce.

Ba Kwamanda nake tuhuma ba. Kare ya yi abin da kare ke yi, kuma maganinsa bai gagari kowa ba, mun gani, yini guda ya isa. Ina tuhumar wanda ya ji gaskiya daga bakin likita ya zaɓi girman kansa. Ina tuhumar wadda ta ga ɗaki tana so. Ina tuhumar wanda ya tsaya kamar turke, da matan da suka ce Allah Ya ba da lada daga bakin ƙofa, babu wadda ta ɗaga asabari ta duba tsayin jiƙon da ke bango. In an ce muku tsohon gidanku ya fara wari, ku shiga ku duba da kanku, kuma ku shiga da moɗa a hannu.

Ƙyauren shuɗi ne, na ƙarfe, da kwaɗo babba. Aziza ta fara tafiya yanzu. Kullum da safe takan je ta tsaya a gabansa, ta buga da tafin hannu, ta saurara, ta sake bugawa.